Jakar Kaka da abin da na koya a sansanin alhazai

Ranar 15 ga watan Mayun 2024 ne jirgin farko na maniyyatan Najeriya na wannan shekarar ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya zo ya ƙaddamar da jigilar. A gidanmu da ke Argungu ba zancen manyan baƙi ake yi ba. Kakata, wadda ta haifi babana, tana cikin waɗanda za su tashi a kwanakin da ke tafe, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Tafiyarta mafi nisa ita ce Sakkwato, ita ma ganin likita ne ya kai ta.

Da yake ni ce 'yar jami'a a gidan, sai aka ɗora mini shirya mata kaya. Ni ma ban taɓa shiga jirgi ba, amma ban ga dalilin tuna wa kowa hakan ba. Na baro makaranta a Birnin Kebbi na zo gida da ƙwarin gwiwa, na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, na ajiye babbar jaka da ƙaramar jakar hannu. Kaka tana gefe tana jan carbi tana harara ta. Kishiya take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Ke kishiya, ki dai lura da abin da kinka sa min ciki. Na san so kike in tafi ki samu wuri."

Dabarata mai sauƙi ce, kuma a lokacin gani nake ta fi ta kowa. Na ce tsohuwa ce, kada a wahalar da ita da ɗaukar nauyi, don haka duk wani abu mai muhimmanci na zuba shi a babbar jaka wadda za a karɓa a saka a ɗakin kaya na ƙasan jirgi. Maganinta na hawan jini na wata biyu, tabarau, cajar waya, da fawa-bank ɗin da na saya mata da kuɗin da na tara, duk na naɗe su a tsakiyar zannuwa. Na ƙara kwalbar man shanu da ta nace sai an sa mata. A jakar hannu kuwa na sa darduma, ɗan tawul, kwalbar turare babba, da almakashi da reza, wai ko za ta buƙata a hanya. Na zuge zif ina jin daɗin kaina.

Da daddare, ana gobe za mu wuce sansanin alhazai, wata maƙwabciyarmu ta yi sallama. Mun girma muna shiga gidanta, ta sha ba mu tuwo. Ta zo da wani ƙunshi da aka naɗe da baƙar leda, aka zagaye shi da salatif har ba a ganin kafa. Ta ce saƙo ne za a kai wa wani ɗan uwan mijinta da ke zaune a Makka, zai kira waya ya zo ya karɓa. Kaka ta miƙa hannu za ta karɓa, don a wurinta ƙin karɓar saƙon maƙwabci abin kunya ne. Babana da ke bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, sai an buɗe mun gani."

Ɗakin ya yi tsit. Matar ta ce ashe ba a yarda da ita ba. Babana ya ce ba ita yake zargi ba, ita kanta ba ita ta ƙulla ba, ko ta san abin da ke ciki? Ta ce an gaya mata kayan miya ne. Aka kawo wuƙa aka farke. Akwai kuka da daddawa, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashinsu akwai goro mai yawa, da wasu ƙwayoyin magani a farar leda, babu kwali, babu suna, babu takardar likita. Har yau ban san ko maganin mene ne ba, wataƙila na ciwon kai ne kawai. Babana ya mayar mata da ƙunshinta cikin ladabi. Ta fita ba ta ce mana sai da safe ba.

Kaka ta yi fushi da ɗanta a daren. Sai ya tuna mata labarin da duk ƙasar nan ta ji. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, ta je Umara tare da mahaifiyarta, saboda an samu jaka mai ɗauke da sunanta da ƙwayar Tramadol a ciki. Bincike ya nuna ba jakarta ba ce, wasu ne suka liƙa sunanta a kai tun daga filin jirgi. Sai a ƙarshen watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan ta shafe wata huɗu a tsare. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Goro ma da muke ci a nan ba tare da wani tunani ba, hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi, kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tana maimaita wannan gargaɗin kowace shekara. Babana ya ce, "Inna, in aka buɗe jaka can, sunanki za a gani a kai. Ba wanda zai tambayi wa ya ba ki."

Ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar wadda ta san komai. Ban san nawa abin kunyar yana jira na a Birnin Kebbi ba.

Washegari a sansanin alhazai, kafin a kai ga awon kaya, wata jami'a ta zo ɓangaren mata tana duba jakunkuna. Ta tambayi wa ya shirya wa Hajiya kaya, na ce ni ce. Ta ce in buɗe. Abu na farko da ta zaro daga cikin zannuwan shi ne ledar magani. Ta ɗaga ta, ta dube ni.

"Ƙanwata, idan jinin Hajiya ya hau a sama, ke za ki sauka ƙasan jirgi ki ɗauko mata?"

Matan da ke kusa suka yi dariya. Kaka ta fi kowa dariya. "Na faɗa muku kishiya ce!"

Jami'ar ba ta yi mini faɗa ba, zama ta yi ta koya mini, kuma abin da ta koya mini shi nake son in isar muku, ƙannena. Babbar jaka tana barin hannun mai ita tun daga wurin awo. Ana jefa ta, ana danne ta da wasu jakunkunan, tana iya yin jinkiri, wani lokaci ma ta bi wani jirgin. Don haka duk abin da mutum ba zai iya kwana biyu babu shi ba, a jakar hannu ya kamata ya zauna: magani a cikin kwalinsa tare da takardar likita, fasfo, katin rigakafi, kuɗin guzuri, waya da caja, tabarau, da kayan sawa ko da kala ɗaya. Haka ma abu mai tsada ko mai saurin fashewa, kamar kwamfuta da zinare. Ku da wata rana za ku tafi karatu waje, ku sa takardun shaidar karatunku a wannan jerin.

Daga nan ta zaro fawa-bank ɗin. Wannan ba maganar jin daɗin tafiya ba ce, doka ce ta jiragen sama a duniya: fawa-bank da duk wani batirin lithium da ba a cikin na'ura yake ba, ba a sa su a jakar da za ta shiga ɗakin kaya. Irin wannan batirin idan ya lalace ko aka matse shi, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Idan a tsakanin fasinjoji ne, za a ga hayaƙi, ma'aikatan jirgi su kashe. Idan a ƙasa ne, babu mai isa wurin. Daga baya na karanta cewa a watan Satumbar 2010 wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da batura masu yawa, matuƙansa biyu suka mutu. A watan Janairun 2025 kuma wuta ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, masu bincike suka karkata ga cewa fawa-bank ne ya haddasa ta. Mutum 176 da ke ciki duk sun fita da rai.

Ga ɗan lissafi ga masu son Fiziks. Yawancin kamfanonin jirgi suna barin fasinja ya shiga da batirin da bai wuce wat-awa 100 ba. Wanda na saya wa Kaka an rubuta 20,000mAh a jikinsa, ƙarfinsa kuma bolt 3.7. Idan ka ninka 20,000 da 3.7, ka raba da 1,000, za ka samu 74. Ke nan ya halatta, amma a hannu.

Sai muka koma kan jakar hannu, a nan ma na yi baibai. Almakashi, reza, wuƙa da duk wani abu mai kaifi, babbar jaka ce wurinsu, in ba haka ba za a karɓe su a wurin bincike. Turaren da na sa ya wuce mililita 100, kuma tun shekarar 2006 aka taƙaita abin ruwan da fasinja zai shiga da shi cikin jirgi zuwa wannan adadin a kowace kwalba. Shi ma ya koma babbar jaka, a ɗaure cikin leda biyu. Man shanun kuwa ta ba da shawarar a bar shi gida. Idan jirgi ya yi sama matsin iska yana raguwa, kwalbar da ba ta rufu da kyau ba sai ta yi yoyo, ga zafin watan Mayu ya riga ya narkar da man. Kaka ta dubi fararen kayanta, ta dubi kwalbar, ta ce a mayar wa jikoki.

Akwai kuma abubuwan da babu jakar da ta dace da su: fetur, kananzir, tukunyar gas, risho mai mai a ciki, da kayan wasan wuta. Ashana da laita ma ba sa shiga babbar jaka. Abincin gida irin su gari, yaji da busasshen kifinmu na Argungu, a tambayi jami'ai tukuna, domin kowace ƙasa da dokarta kan abin da ake shiga da shi. A dawowa kuma ba a ɗura ruwan Zamzam a cusa cikin kaya, hukuma ce ke raba wa kowane alhaji nasa mai lita 5.

Abu na ƙarshe da muka yi shi ne rubuta sunan Kaka da lambar wayar babana a takarda muka sa a cikin jakar, ban da wanda ke waje. Muka ɗaura jan ƙyalle a marikinta, domin jakunkunan alhazai duk iri ɗaya ne. Na ɗauki hotonta da wayata. Jami'ar ta ja wa Kaka kunne ta adana 'yar takardar shaidar kaya da za a ba ta, ta san jaka nawa aka rubuta da sunanta, kuma ko a filin jirgi kada ta riƙe wa wanda ba ta sani ba kaya.

Kwana biyu da tashinsu Kaka ta kira daga Madina. Ta ce sun sauka lafiya, amma sai da ta kwana ta wuni kafin ta gano babbar jakarta a cikin tarin jakunkunan da aka jibge a masauki. Jan ƙyallen ne ya taimake ta. Na tambaye ta magani fa? Ta ce ta sha tun a cikin jirgi, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Na yi shiru ina tuna inda na fara ajiye shi.

Maƙwabciyarmu ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar babana da sakin fuska. Hakan ya dame ni, domin na san ba mugunta ta kawo ta ba, ita ma kunyar wanda ya ba ta saƙon ta ji. Ranar da Kaka ta dawo, gida ya cika da 'yan barka da sauka, sai ga ta ta shigo. Kaka ta jawo ta kusa, ta ba ta dabino da kofin Zamzam, ba wanda ya tayar da tsohon zance.

Da yawa daga cikinku ku ne masu karanta wa iyaye da kakanni takarda a gida, kuma ku za a ce ku shirya musu kaya idan tafiya ta zo. Kada ku yi irin tawa, ku tambayi jami'ai tun kafin ranar tashi. Duk abin da kuka ɗauka za ku sa a babbar jaka, ku tsaya ku duba: mai tafiyar zai iya kwana biyu babu shi? Yana iya kama wuta ko ya zube? Kun gani da idonku abin da ke cikinsa? Idan wani ya kawo saƙo a ƙulle, a buɗe a gabansa, ko da zai ji haushi.

Allah Ya kai mu Ƙasa Mai Tsarki da rai da lafiya, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, amin.