Kada mu koya wa yara tsoron "kusan"

Malamai ƴan'uwana da iyaye, na daɗe ina koyar da lissafi, kuma abin da ya fi damuna shi ne tsoron da yaranmu ke yi wa kalmar "kusan". Mun saba musu cewa kowace tambaya amsa ɗaya gare ta, cif. Shi ya sa yaro kan ajiye alƙalami da zarar tambaya ta kauce wa abin da ya haddace.

Alhali masana kansu da kusanto suke aiki. Akwai lissafin da ke bayyana yadda abu ke sauyawa a kan lokaci, kamar tafiyar duniyoyi. Nyuton ya warware na abu biyu masu jan juna. Da an ƙara na uku, babu ƙa'ida mai sauƙi da ke ba da amsa cif. Dabarar ita ce a fara da matsalar da aka iya, a ƙara mata ƙaramin gyara, sannan a gyara gyaran. Tana aiki ne domin abin da aka bari da farko ƙarami ne: Jufita, babbar duniyoyin, nauyinta kusan kashi 1 cikin 1000 ne na rana.

Da irin wannan lissafi Bafaranshe Le Verrier ya bi ɗan kaucewar da Yuranus ke yi daga hanyarta, har ya nuna inda wata ɓoyayyar duniya take janta. Ranar 23 ga Satumba 1846, Galle ya hango Naftun daga Balin, kusan digiri 1 kacal daga wurin da aka nuna.

Ni a aji dutse nake ɗaurewa a igiya mai tsawon mita 1. Zuwa da dawowarsa kusan daƙiƙa 2 ne. Ƙa'idar littafi ta ɗauka lilon ƙarami ne. In an ja dutsen digiri 20, gyaran bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A digiri 90 kuwa ya kai kusan kashi 18. Nan yara ke gane inda kusanto ke da amfani da inda yake yaudara.

Roƙona gare ku, in yaro ya ce "kusan kaza", kada ku tsawata masa. Ku tambaye shi me ya bari, kuma yaya girman abin da ya bari.