Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Kowa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya koyi Hausa a aji zai tuna ranar da aka koya masa kalmar jirgi. Bahaushe ya fara sanin jirgi ne a kan ruwa, wato abin da ake fito da shi a kogi. Da Turawa suka shimfiɗa dogo sai ya ce jirgin ƙasa, da mai tashi ya zo ya ce jirgin sama, har ta kai ga sai an ce jirgin ruwa idan ana nufin na asalin. To, akwai wani irin jirgin ruwa wanda ba don ya kai mutum wani gari ya ajiye shi aka ƙera shi ba. Shi kansa masauki ne, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da wurin iyo. Yana tafiya da dare, gari na wayewa ya tsaya a bakin wani birni, fasinjoji su sauka su yi yawo, su dawo kafin yamma. A nan zan kira shi jirgin yawon shaƙatawa.

Irinsa yayata da mijinta suka shiga a watan Satumba na 2023, don murnar cikarsu shekara goma da aure. Shekara uku suna zuba adashi saboda wannan tafiya. Tsarin kuwa shi ne kwana bakwai a Bahar Rum: a tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen, a tsaya a Marsay ta Faransa, sai Jenowa da Rum da Palarmo a Italiya, sai tsibirin Malta, sannan a koma Basalona. Biza ɗaya, wadda ake kira Shengen, ta wadatar da duka ƙasashen huɗu, ko da yake samunta ma sai da aka sha jira. Ni ban je ba. Abin da zan ba ku na ji shi ne daga bakinsu, ba sau ɗaya ba, kuma kowannensu da yadda yake ba da shi.

Tun daga Legas abin ya fara ɓaci. Jirgin saman da suka shiga ya yi jinkirin awa biyar, saboda haka wanda zai ɗauke su daga inda suka yada zango ya tafi ya bar su. Ba su sauka Basalona ba sai da magariba a ranar tashin jirgin ruwan, shi kuwa ya ɗaga tun ƙarfe shida. Bugu da ƙari, akwatin yayata bai iso ba. Ga dokar wannan irin tafiya: jirgi ba ya jira, kuma wanda ya makara shi zai biya kuɗin motar da za ta kai shi tasha ta gaba. A nan filin jirgin suka fara cacar baki. Ya ce, "Ai na gaya miki mu taho kwana biyu kafin ranar." Ta ce, "Maigida, kuɗin otal na kwana biyun daga aljihun wa zai fito?" Dukansu biyu suna da gaskiya, shi ya sa faɗan ya daɗe.

Daga ƙarshe dai suka shiga doguwar mota ta dare, suka yi tafiyar kimanin kilomita 500 zuwa Marsay, suka isa da asuba, suka zauna suna jiran jirgin da ya guje musu ya iso. Suna shiga, kafin ma su huta, aka nuna musu rigar ceto da wurin da za su taru idan haɗari ya auku. Ba wasa ake da wannan ba tun bayan da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya a watan Janairu na 2012, inda mutum 32 suka rasu.

Rashin akwati shi ya kai yayata kasuwar Nowayi da ke tsakiyar Marsay, domin ba ta da sutura sai wadda ke jikinta. Marsay tsohon birni ne, Girkawa suka kafa shi kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sauran fasinjoji sun tafi kallon tsohuwar tashar jirage da majami'ar da ke kan dutse. Ita kuwa tana can cikin 'yan Aljeriya da Senigal da Komoros tana cinikin riguna, ga kuɓewa ga busasshen kifi ga manja a bakin shaguna. Ta ce a nan ne zuciyarta ta fara sanyi.

Jenowa, garin da aka haifi Kolumbus, ba su ce komai a kanta ba sai ƙuncin lungunanta. Rum kuwa da gudu suka gan ta. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa jirgi ba ya tsayawa a Rum, domin ba a bakin teku take ba. Yana tsayawa ne a Cibitabekiya, kimanin kilomita 80 daga birnin, sai a shiga jirgin ƙasa a yi fiye da awa ɗaya. Idan aka cire zuwa da dawowa daga awa tara ko goma da aka ba mutum, me ya rage? Ga shi kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mijin yayata ya fi kallon agogonsa a kan kallon tsohon filin wasan Rumawa, kuma tun ƙarfe biyu ya fara cewa a koma. A ganina wannan shi ne babban aibin irin wannan yawo. Ana ɗanɗana wa mutum birni ne a bakin cokali, sannan a ce ya ci.

Inda labarin nasu yake yin nauyi shi ne Palarmo, babban birnin tsibirin Sisili. Larabawa sun ci garin a shekarar 831, suka riƙe shi har zuwa 1072, kuma har yanzu akwai alamarsu a gine-gine da kasuwanni. A kasuwar Ballaro ne mijin yayata, wanda ya yi bautar ƙasa a Sakkwato ya kuma tsinci Hausar kasuwa, ya ji wani saurayi mai sauke kwandunan kayan lambu yana waya da Hausa. Ya ce masa, "Sannu da aiki." Saurayin ya kusa yar da wayar. Ya ce, "Alhaji, daga ina?" Ashe ɗan zangon Kumasi ne a Gana. Ya biyo ta Agadas, ya ƙetare Sahara a bayan mota, ya yi wata takwas a Libiya, sannan ya hau kwale-kwalen roba a 2016. A wannan shekarar mutum fiye da 180,000 ne suka shiga Italiya ta teku, kuma 'yan Nijeriya, su fiye da 37,000, su ne suka fi na kowace ƙasa yawa.

Ya tambaye su ta ina suka zo, suka ce ta jirgin nan da ke tasha. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke nan ku ma ta ruwa kuka shigo." Bai faɗa da ɗaci ba, hasali ma sai da ya cusa musu lemo a leda ya ƙi karɓar kuɗi. Amma maganar ta zauna wa yayata. A cikin watan nan da suke can, dubban mutane suka sauka a ɗan tsibirin Lamfedusa cikin kwana biyu kacal, har suka fi mazauna tsibirin yawa, kuma ana ta nunawa a talabijin ɗin ɗakinsu. A gaɓar wannan tsibiri ne mutum fiye da 360 suka nutse ranar 3 ga Oktoba, 2013.

Da dare jirginsu ya kama hanyar Malta. Ana kiɗa a sama, an jera abinci iri-iri, wanda ya ga dama ya ɗiba sau uku. Yayata ta leƙa ruwan daga hawa na goma, baƙi ƙirin, babu komai sai duhu, ta koma ɗaki ba ta ci ba. Mijinta ya ce kuɗinsu guminsu ne, ba su sata ba, kuma yunwarta ba za ta ceci kowa ba. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ni na fi fahimtar wadda ta kasa ci. Fasfo ɗinsu kore ne, iri ɗaya da na waɗancan 37,000, kuma abin da ya raba su bai wuce takardar banki da hatimin ofishin jakadanci ba. Ku lura kuma, ku masu nazarin harshe, da yadda labaran rediyo suke rarrabewa: masu biza suna shiga jirgin ruwa, marasa biza suna hawa kwale-kwale.

A Malta ne suka yi mini tsaraba, kuma sun san abin da zai burge ɗalibin harshe. Kalanda ce kawai da suka saya a Baleta, babban birnin ƙasar, wanda aka aza harsashinsa a 1566. Harshen Malta daga Larabci ya samo asali, amma da haruffan boko ake rubuta shi, kuma mutanen, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, Alla suke kiran Ubangiji. Da na buɗe kalandar sai na ga it-Tnejn da it-Tlieta da l-Erbgħa da il-Ħamis da il-Ġimgħa da is-Sibt da il-Ħadd. Cire harafin farkon nan na Larabci ka saurara: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Haka ma ħamsin da sittin, wato hamsin da sittin namu. Mu mun aro su ta hanyar malamai da fataken Sahara, su kuwa gadonsu ne tun zamanin da Larabawa suka mallaki Sisili da Malta. Na kai kalandar aji, muka shafe rabin darasi a kanta.

Bayan wuni guda cur a kan ruwa suka koma Basalona, suka sami 'yan awoyi suka ga majami'ar Sagrada Familia, wadda aka fara ginawa a 1882 kuma a lokacin da suka je ana kan aikinta. A filin jirgin sama aka miƙo wa yayata akwatinta, a kulle yadda ta kulle shi a Legas. A ciki akwai leshi da ashoke da ta ɗinka musamman don daren liyafar da ake yi a jirgin, wanda ta halarta cikin doguwar rigar da ta saya hannun wata 'yar Senigal a Marsay. Mijinta ya riga ya shiga sabon adashi, yana maganar tsibiran Girka. Ita kuwa ta ce in za a sake, a kai ta Palarmo kawai a bar ta mako guda, kuma a ƙasa za ta kwana.