'Yan Ci-ranin Ailan da Na Sani a Perth

Wanda bai zauna a birnin Perth tsakanin 2011 da 2013 ba, da wuya ya gane irin kuɗin da suka yi yawo a Yammacin Ostireliya a wancan lokaci. Ƙasar Sin na sayen tama ba ji ba gani, jiragen ruwa sun yi layi a Port Hedland, ana haƙa a Newman da Tom Price, ana gina manyan masana'antun iskar gas a tsibirin Barrow da garin Onslow. Duk mai ƙarfi a jika ya nufi arewa, yankin Pilbara, inda direban babbar mota ke ɗaukar albashin da malamin makaranta ba ya ko mafarkinsa. Sai birnin ya rasa hannu. 'Yan kwangila na neman birkila da kafinta da mai walda ido rufe. A wannan tsakani na je karatun digiri na biyu, kuma da yake bizar ɗalibi ta yarda mutum ya taɓa aiki na wasu sa'o'i, sai na shiga leburanci a wajen gini. A can na san 'yan Ailan, na kuma ga yadda masu ƙasa ke kallonsu.

Ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. A 2008 kasuwar gidaje ta rushe a ƙasarsu, bankuna suka durƙushe, har a watan Nuwamba na 2010 gwamnatinsu ta karɓi tallafin ceto na Yuro biliyan 85 ta hannun Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Zuwa 2012 rashin aikin yi ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari, kuma magina ne abin ya fi dokewa. Yawancin waɗanda na sani sun shigo da biza mai lamba 417, ta hutu da aiki, shekara guda. Mai son shekara ta biyu sai ya je karkara ya yi kwana 88 yana tsinkar 'ya'yan itace ko wani aiki irin wannan. Mai sana'a a hannu kuwa, burinsa ya samu ubangidan da zai tsaya masa ya karɓi biza mai lamba 457. Idan na dube su da sassafe, jaka a kafaɗa, hular kwano a hannu, samarin ƙauyukanmu nake tunawa, waɗanda ke shigowa Kano da zarar an gama girbi, jikinsu a birni, hankalinsu a gida.

Birkilan da aka haɗa ni da shi mutumin gundumar Mayo ne, daga yammacin Ailan. Dogo ne, wuyansa kullum ja wur saboda rana, komai yawan man da ya shafa. Ingilishinsa sai da na daɗe kafin in fara tsintar kansa, kuma shi ma mai kula da aikin, ɗan ƙasa, sau da yawa sai ya ce a maimaita masa. Ni ke tura masa baro da kwaɓin siminti. Idan kwaɓin ya yi ruwa, ba ya faɗa. Zai ɗebo da cokalin gini ya karkata shi, mu tsaya muna kallo yana zamewa, sannan ya ce, "Abokina, ka ga wannan? Ba zai riƙe bulo ba. Ƙara yashi kaɗan." A watannin Janairu da Fabrairu zafi kan haura digiri 40, dukanmu muna sauraron iskar teku da ke tasowa daga wajen Fremantle bayan azahar. Da ta kaɗo sai ka ga kowa ya miƙe ya juya mata fuska. Ya bar gida a can Mayo wanda bai gama biyan bashinsa ba, kuma darajar gidan ta faɗi ƙasa da bashin. Duk ƙarshen wata zai tsaya a gindin bango yana lissafin dala zuwa Yuro a wayarsa.

Azumin 2012 ya zo a watan Yuli, lokacin hunturunsu, yini gajere. Ban gaya wa kowa ba, amma shi ya lura. Daga ranar, in lokacin shan shayi ya yi, sai ya ɗauki kofinsa ya zaga bayan gini. Da na ce ba sai ya yi haka ba, cewa ya yi mahaifiyarsa ma tana nata azumin kafin Ista, ya san abin da ake ciki. Ya taɓa gaya mini cewa da wuya a samu ƙauye a yankinsu da bai tura fada ko sista Nijeriya ba. Na ba shi labarin sistocin St. Louis da suka zo Kano daga Ailan a 1948, da makarantar 'yan mata da suka kafa. Ranar mun daɗe muna hira.

'Yan Ostireliya kuwa, ba baki ɗaya suke magana a kansu ba. 'Yan kwangila na son su ƙwarai: suna zuwa da wuri, suna yin Asabar, ba sa ƙorafi. Masu sana'a 'yan ƙasa, musamman na ƙungiyar ƙwadago, su ne ke gunaguni, wai baƙi na karɓar abin da ɗan gida ba zai karɓa ba, suna karya farashi. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina ba kan wanda ya dace aka ɗora laifin ba. Mutumin da zamansa a ƙasa ke rataye da sa hannun ubangida ɗaya, ina zai samu bakin cewa a'a? Na san waɗanda aka cinye musu kuɗin makonni a gonaki suka yi shiru, don kada a hana su takardar shaidar kwana 88. Da Firaminista Julia Gillard ta tsaya a 2013 tana cewa ba za a riƙa sa baƙi a gaban layi 'yan ƙasa a baya ba, na ga yadda maganar ta taɓa su, ko da yake kowa ya san ba su kaɗai ake nufi ba.

Sai masu gidajen haya, waɗanda kukansu daban ne: a ba mutum uku gida, a dawo a tarar da takwas. Sai kuma maganar shan giya. Masallacin Perth na kan titin William a unguwar Northbridge, tsohon gini ne da masu raƙuma 'yan Afganistan da sauran Musulmi suka soma a 1905, kuma unguwar ce cibiyar mashaya. Na ga abin da ke faruwa a can daren Asabar, ba zan ce ƙarya ake musu ba. Amma na kuma ga 'yan ƙasa a layi ɗaya da su, cikin hali ɗaya, jarida ba ta ambaci asalinsu ba.

Watan Maris na 2012 ne ya fi tsaya mini a rai. A cikinsa wani ya sa tallar neman birkila a shafin Gumtree, a nan Perth, ya rubuta ƙarara cewa ban da 'yan Ailan. Labarin ya kai jaridun Dublin, ofishin jakadancin Ailan ya yi magana, aka sauke tallar. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga wata, Jim Stynes ya rasu. Haifaffen Dublin ne da ya zo yana matashi ya koyi ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, ya ci lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan shekara a 1991, ya buga wasa 244 a jere ba fashi. Gwamnatin jihar Victoria ce ta ɗauki nauyin jana'izarsa, dubban mutane suka cika tsakiyar Melbourne. A wajen aikinmu, wani mai walda ɗan ƙasa da ya fi kowa mita kan baƙi, shi ne ya zo ya dafa kafaɗar abokina yana masa ta'aziyya kamar ɗan uwansa aka rasa. A watan Satumba kuma, da aka kashe Jill Meagher, 'yar Ailan mai aiki a gidan rediyon ABC, mutum wajen 30,000 suka fito tattaki a titin Sydney da ke unguwar Brunswick a Melbourne.

Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta warware mini wannan ƙulli. Kowa na kiranta da sunanta, har yara, amma bakina ya ƙi, sai na riƙa ce mata Mama, ita kuma ta karɓa. Ta tashi a Ballarat, gidan 'yan Katolika. Takan yi faɗan samarin Ailan da ke haya a maƙwabta, ƙarar kiɗansu da kwalaben da suke barin a ƙofa, amma ita ce ke dafa miya ta kai musu in ta ji ɗayansu ba shi da lafiya. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗana, ai namu ne. Shi ya sa nake jin haushinsu, shi ya sa kuma ba zan bar su da yunwa ba." A gidansu ana cewa kakar kakarta na cikin marayu mata fiye da 4,000 da aka kwaso daga gidajen gajiyayyu na Ailan tsakanin 1848 da 1850, lokacin babbar yunwar da ta ci ran mutum kusan miliyan guda. Jaridun zamanin sun yi wa yaran nan wulaƙanci, suna kiransu ƙazamai marasa amfani. Ita kanta ta tuna yadda a yarintarta 'ya'yan Furotesta ke musu waƙar zambo a hanyar makaranta, da kamfanonin da kowa ya san ba sa ɗaukar ɗan Katolika.

Daga bakinta na fara jin sunayen da kowane ɗan Ostireliya ya sani. Peter Lalor, wanda ya jagoranci boren masu haƙar zinariya na Eureka a Ballarat a 1854, ya rasa hannu ɗaya, daga baya ya zama kakakin majalisar Victoria. Ned Kelly, ɗan fursunan da aka koro daga Ailan, wanda aka rataye a 1880, har yau ana gardama ko ɗan fashi ne ko gwarzo. John Curtin, firaministan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, iyayensa duka haifaffun gundumar Cork ne. Sai Ben Chifley, sai Paul Keating, waɗanda su ma suka yi firaminista.

Amma wanda ta fi ƙauna shi ne C. Y. O'Connor. Wata Lahadi ta sa na raka ta Fremantle a jirgin ƙasa, muka tsaya gaban mutum-mutuminsa a bakin tashar jiragen ruwan da shi ya tsara. Injiniya ne haifaffen Ailan, ya zo Yammacin Ostireliya a 1891. Lokacin da aka samu zinariya a Coolgardie da Kalgoorlie, ruwa ya fi komai tsada a can, zazzaɓin taifot na kashe mutane. Shi ya ce zai tura ruwa daga madatsar Mundaring ta cikin bututu, tafiyar fiye da kilomita 500, ana hawan tudu da tashoshin famfo takwas. Jaridu da 'yan majalisa suka taso masa, suka zarge shi da ɓarnar dukiya da cin hanci, babu hujja. A watan Maris na 1902 ya hau dokinsa zuwa bakin teku kudu da Fremantle ya kashe kansa. A Janairun 1903 ruwa ya isa Kalgoorlie, kuma har yau ta wannan hanya garin ke shan ruwa. Tana ba ni labarin tana share ido da bayan hannu, tana cewa sun zalunci mutumin nan, yanzu kuma sun sa sunansa a unguwa da bakin teku.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, domin na ji shi a jikina. Duk gunagunin da ake yi, ƙofar da ke buɗe wa ɗan Ailan ba ita ke buɗe wa irina ba. Farar fata da Ingilishi da sunan da ya yi kama da na kakan mai gida, waɗannan jari ne. Sai a 1973 aka kammala soke manufar nan ta fifita Turawa wajen shiga ƙasar, kuma a shekarar 2012 ɗin nan aka sake buɗe sansanonin Nauru da Manus don tsare masu zuwa ta jirgin ruwa neman mafaka. Abokina da kansa ya faɗa mini cewa da fatarsa irin tawa ce, da ba a kira shi aiki kwana biyu da saukarsa ba. Kuma 'yan asalin ƙasar, mutanen Noongar da Perth ke zaune a kan ƙasarsu, suna da nasu lissafin: cikin waɗanda suka mamaye filayen kakanninsu akwai 'yan Ailan da su ma aka raba da nasu filayen a gida. Duk da haka ban taɓa jin ƙyashin su ba. Su ne suka fara matsa mini wuri a kan benci, su ne suka nuna mini yadda zan duba takardar albashi don kada a rage mini kuɗin fansho.

A 2014 farashin tama ya faɗi kusan rabi, ayyukan arewa suka soma ƙarewa, tattalin arzikin Ailan kuma ya fara miƙewa. Da yawa suka koma gida, wasu suka wuce Kanada. A 2017 gwamnatin Malcolm Turnbull ta sanar da soke biza mai lamba 457. A shekarar ce kuma wata ministar jihar Victoria, Marlene Kairouz, ta ce wa mutane duk wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da karin harshen Ailan su sallame shi nan take, saboda wasu 'yan damfara masu gyaran rufi. Aka yi mata ca, ta fito ta nemi gafara. A ƙidayar 2021 mutum wajen miliyan 2.4 ne suka ce suna da tsatson Ailan, kusan ɗaya cikin goma na ƙasar.

Mama ta rasu bayan na dawo gida, 'yarta ce ta aiko mini da labari. Abokina bai koma Mayo ba. Ya sayar da gidan can da asara, ya auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar Perth, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Yanzu yana da ƙaramar kwangilarsa da almajirai uku, biyu 'yan ƙasa, ɗaya ɗan Sudan ta Kudu. Duk Sallah shi ke riga 'yan uwana da yawa aiko mini da barka.