Keken Dattijo da Gonar Koko

A Tagris, can arewacin jihar Maradi cikin gundumar Dakoro, akwai wani dattijo da ya jingine tsohon kekensa ƙirar Raleigh a gindin rumbu. Tayoyin sun ruɓe, sarƙar ta yi tsatsa, amma ko da wasa bai yarda masu sayen tsohon ƙarfe su taya shi ba. Shi kaɗai ya rage masa daga shekara huɗu da ya yi yana aikin gonar koko a ƙasar Gana.

A 1965 ya tafi bida yana saurayi, kamar dubban ƴan Nijar da kan nufi kurmi da zarar an kai hatsi rumbu. Hanya ce da kakanni suka share tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja. Da aka ce masa aikin koko zai yi, sai ya yi dariya, domin kokon da ya sani shi ne na gero da ake sha da safe. A wani ƙauye kusa da Kumashi ya fara ganin itacen da ƴaƴansa ke fitowa a jikin kututture. Ya koyi tsinko su, ya fasa da adda, ya kwashe ƙwayoyin da farin yauƙinsu, a tara a rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida har su yi tsami, sannan a shanya a rana ana juyawa. Ladan irin aikinsa, mutanen wurin abusa suke ce masa, wato kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona. Da shi ya sayi keken.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Ya baro rabonsa na wannan shekarar a kan shanya, ya ɗaure keke a bisa babbar mota. Da ya iso gida, rairayi ya hana keken sakat, tura shi ya fi hawansa yawa.

Bayan shekara hamsin da ɗoriya, jikansa mai kasuwanci a Akra ya zo ganin gida da tsarabar shokola Golden Tree, wadda ake yi a Tema. Ya nuna masa hotuna a salula: masu yawon buɗe ido na hayar keke a Aburi, suna ratsa gonaki har Mampong, inda Tetteh Quarshie ya dasa irin kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. A wasu wurare har koya wa baƙi ake yi su soya ƙwayar, su ɓare, su niƙa da sukari.

"Kaka, ka ga kuɗi suke biya don su yi abin da ka yi."

"Kai ja'iri, sun ɗauki buhu a ka?"

Zafi ya riga ya narkar da shokolar. Dattijo ya lakata da yatsa ya kai baki, karo na farko a rayuwarsa. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ashe a nan wahalar take ƙarewa."

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A sha'anin koko kuwa, wani ke gudun, wani ke cin zomon. Gana da Kodebuwa su ke noma wajen rabin kokon duniya, kuma gumin ƴan ci-rani daga arewa na cikin abin da ya raya gonakin. Baƙon da ke kan keke zai ji sunan wanda ya kawo iri. Da wuya ya ji labarin lebura. Jean Rouch ya nuna ɗan wani abu na wannan tafiya a fim ɗinsa Jaguar, sauran kuwa yana bakin tsofaffi, su kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malamin da ya aiki ɗalibansa da alƙalami da takarda wurin irin wannan dattijo, su rubuta da Hausa yadda ya faɗa, ya ceto darasin tarihi da na ƙasa wanda littafin lakwal bai ƙunsa ba.

Sauran shokolar, dattijo ya raba wa yaran gida. Takardar ya lallashe ta da tafin hannu, ya ninke, ya cusa ƙarƙashin sirdin keken.