Awarar Gwaggo da zancen ƙarfin maza

Asabar
Cinikin awarar Gwaggo ya ja baya a layinmu na Ridina. Wani ya yaɗa saƙon murya a WhatsApp wai waken suya na ɗauke da sinadarin mata, yana kashe ƙarfin namiji, sai samari suka ƙaurace wa kaskonta. Ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, gaskiya ne?" Na ce, "Gwaggo, a ba ni kwana biyu."

Lahadi
Zancen ba ƙarya ba ne tsagwaronta. A cikin waken akwai genistin, wanda masanin kimiyya Walz ya ciro daga waken a 1931. Asalinsa sinadarin genistein ne da sukarin gulukos maƙale a jikinsa. Sukarin ne ke sa ya fi narkewa a ruwa, shi ne kuma ke hana hanji tsotse shi kai tsaye. Sai ruwan hanji da ƙwayoyin halittar cikinsa sun yanke sukarin, sannan genistein ya shiga jini. Siffarsa ta yi kama da estirojin na mata, yakan hau mazauninsa a jiki, amma ƙarfinsa bai ko kusa kai nasa ba.

Litinin
Da asuba na tsaya kan Gwaggo. An dawo da niƙa daga inji, ta tace a ƙyalle, madarar ta tafaso, ta zuba ruwan tsami. Nan take madarar ta dunƙule. Ta ɗaure a buhu, ta danne da dutse, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa na tsiyaya. Wani kaso na genistin yana bin ruwan nan zuwa kwata.

Talata
Zafi, ga ba wuta. Ban buɗe littafi ba.

Laraba
A majalisar shayi wani ya kawo labarin tumakin Ostareliya da suka daina haihuwa a shekarun 1940. Haka aka yi, amma tumakin kullum suna kiwo ne a ciyawar kuloba mai cike da dangin sinadarin. A kan maza kuwa, an tattara gwaje-gwaje a 2010, aka sake a 2021, ba a ga waken suya ya rage sinadarin namiji ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin awara.

Na ce musu su ci da yajinsu. In akwai abin sa wa ido, man suyar da wasu ke maimaitawa ne har ya yi baƙi.