Tsatsa da Rumbun Kwamfuta

Duk wanda ya zauna a Legas ya san aikin laima. Kwaɗon ƙofa, maƙulli, har allurar ɗinki, damina ɗaya ta ishe su su yi ja. Wannan ya sa nake yawan tunanin rumbun kwamfutata, inda na tara hirarrakin da na naɗa da dattawan Hausawan Agege domin kundin digirina. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. In faifan da ke cikin rumbun ya lalace, muryoyinsu sun tafi ke nan.

Abin mamaki, ya kai mai karatu, rumbun farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai faifai 50, da ɗan'uwan tsatsa aka shafe shi, wato ƙarfen da ya riga ya haɗu da iskar oksijin. Laima ba ta da sauran abin ci a jikinsa. Sai dai duk girmansa bai ɗauki fiye da megabayit 5 ba. Hirata ɗaya ma ba za ta shiga ba.

Da aka nemi ƙarin wuri sai aka koma ga gamin ƙarafa, a nan kuwa rigimar take. Gindin faifai alminiyon ne da aka gauraya da maganiziyom, ko kuma gilashi. Na alminiyon ana lulluɓe shi da nikel da fosforas don ya yi tauri da santsi. Sannan a shimfiɗa gamin da ke riƙe bayanan: kobal, kuromiyom da filatinom. Kobal gwani ne wajen riƙe maganaɗisu, amma rago ne gaban laima, sauran biyun na taimaka masa. A saman duka akwai rigar kabon da kaurinta bai wuce nanomita 2 ko 3 ba. In an ƙara mata kauri, kan da ke karanta bayanai ya yi nisa da faifai; in an rage, tsatsa ta sami ƙofa. A ganina babu wurin da injiniyoyi suka fi shan wuya kamar nan.

Yawancin rumbunan suna da 'yar huda mai matata da iska ke bi, don haka laimar ɗakinka tana iya kaiwa ciki sannu a hankali. Sai a 2013 kamfanin HGST ya fara sayar da waɗanda aka cika da iskar hiliyom aka liƙe ruf, su kuwa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi.