Bindigar da ta kashe Kennedy tana ina yanzu?

Tun da gwamnatin Amurka ta saki dubban shafuka na takardun binciken kisan Shugaba John F. Kennedy a watan Maris na 2025, aka sake tayar da tsohuwar muhawara: wa ya kashe shi, wa ya sa a kashe shi? Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ina ita kanta bindigar take?

Bindigar nan fa ta yaƙi ce. Carcano ake kiran samfurinta, an ƙera ta a 1940 a garin Terni na Italiya, domin sojojin Mussolini a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare, sai aka riƙa sayar da rarar makaman ga 'yan kasuwa a kan araha, kamar gwanjo. Haka ta tsallaka teku ta faɗa wani kanti a Chicago. A watan Maris na 1963 Lee Harvey Oswald ya ga tallarta a mujalla, ya yi odarta ta gidan waya da sunan bogi, wai A. Hidell. Kuɗinta har da madubin hangen nesa dala 19.95. Ko dala ashirin ba ta cika ba!

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963 aka harbe Kennedy a Dallas, aka kuma tsinci bindigar a hawa na shida na wani ɗakin ajiyar littattafan makaranta. Kwamitin Warren ya tabbatar a 1964 cewa da ita aka yi kisan. Shekara 23 ke nan bayan ƙera ta, shekara 18 da gama yaƙin da aka yi ta dominsa.

To, a nan labarin ya ɗauki wani salo. Kwana biyu da kisan, Jack Ruby ya harbe Oswald, don haka ba a taɓa yi masa shari'a ba. Sai wani attajirin mai daga Denver, John J. King, mai sha'awar tara bindigogi, ya je wajen matar Oswald ya biya ta dubban daloli, wai ta sayar masa da gadonta na bindigar. Ya kai gwamnati kotu a ba shi kayansa. Majalisar dokoki ta ce ina! A Nuwamban 1965 ta yi doka ta musamman da ta ba gwamnati ikon mallake kayan shaidar kisan. King ya koma neman diyyar dala miliyan 5, a 1969 kotu ta sallame shi hannu rabbana. Yau bindigar tana kulle a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke College Park a jihar Maryland, ba a baje ta don 'yan kallo. Wadda ake gani a gidan tarihi na Dallas irinta ce kawai.

Ku kwatanta da ƙaramar bindigar da Ruby ya kashe Oswald da ita. Ita danginsa suka samu, aka yi gwanjonta a 1991 a kan dala 220,000. Wallahi wannan ya dame ni. Kayan da aka zubar da jini da shi ya zama haja, kuma jinin ne ya ɗaga masa farashi. Wane saƙo aka aika wa mai neman suna ta hanyar kisa?

Ra'ayina dai shi ne: makamin da aka kama a babban laifi hanyarsa biyu ce. In shaida ce da tarihi zai nema, a adana ta a hannun hukuma, da lambarta a rubuce, yadda ko bayan shekara hamsin mai bincike zai iya dubawa. Mu ma mun san wannan, ga motar da aka kashe Janar Murtala a ciki a 1976 tana gidan tarihi na Legas da hudojin harsashi a jikinta. In kuwa ba ta da wannan matsayi, to da an gama shari'a a yanka ta a narkar a bainar jama'a. Sayarwa kam babu ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya sa na damu, ƙarfe ba ya yin ritaya. Yaƙi na ƙarewa, bindiga ba ta ƙarewa. Mun ga yadda rumbunan makaman Libya suka fashe bayan 2011, kayan suka gangaro Sahel. Kullum muna ganin hotunan makaman da aka ƙwato daga 'yan bindiga an jera a ƙasa. Bayan an ɗauki hoton fa? Wa ke ƙirga su, wa ke riƙe da makullin, yaushe ake lalata su? Tambayar nan haƙƙinmu ce, don bindigar da ta zurare daga ɗakin ajiya ba Abuja za ta nufa ba, ƙauyen wani daga cikinmu za ta koma.

Ku me kuke gani: a adana, ko a narkar? Allah Ya ba mu zaman lafiya.